Yaya Zinatu da Sunan Ɗan Fari

A Zongon Parakou in ka ce kana neman Zinatu Badamasi, mutane kallon juna za su yi. Amma ka ce Madam Daktilo, wato mai buga keken rubutu, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka ƙofa. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ce Balkisu mai bi mata. Tun muna yara Allah Ya raba mana kaya, ita Ya ba ta hannu, ni Ya ba ni baki, kuma kowacce ta yi aiki da nata har ya gaji.

A Djougou aka haife mu, garin da tsofaffinmu ke kira Zugu, a gidan fataken goro. Kakanninmu da jakuna suke zuwa da shi daga Gwanja, Baba kuma ya samu zamanin mota. Har yau in na rufe ido ina jin ƙanshin ɗanyen ganyen da ake lulluɓe goro da shi, ina ganin mu a tsakar gida an zube mana huhu guda a kan tabarma, mu ware mai sankara daga mai kyau. Ni ina surutu ina tauna na mutane, Yaya kuwa kanta a sunkuye, kafin in cika rabin ƙwarya ta ture tata ta jawo wata. Baba ya daɗe yana kallon hannunta, ran nan ya ce waɗannan yatsu sun fi ƙarfin goro. Ya sa ta makarantar boko, da ta gama ya kawo ta Parakou ta koyi buga keken rubutu. Dangi sun yi ta magana, bai kula su ba.

A nan ta yi aure, a nan ta fara aiki a ofishin wasu masu manyan motoci kusa da tashar jirgin ƙasa, daga baya ta buɗe nata shago a ƙofar gidan mijinta. Wanda bai ji Yaya a kan keken rubutu ba ya yi asara. Tun daga bakin layi kake jiyo shi kamar ana ruwa a kan kwano, sai 'yar ƙararrawa ta kaɗa, Yaya ta ture shi da hannun hagu ta koma farkon layi ba ta ko ɗaga kai ba. Yatsunta kullum baƙi ƙirin da takardar kwafi. Masu neman aiki, ɗalibai, shugabannin ƙungiyoyin mata, duk nan suke layi a kan benci. Da kwamfuta ta shigo gari, ta fi wata guda tana zaginta, wai maɓallanta laushi kamar kwaɓin fanke, mutum bai san ya buga ko bai buga ba. Bayan nan ta fi 'yan jami'a iya ta. Tsohon keken ta lulluɓe shi da zane ta ɗora a kan kabad, ko ƙura ba ta bari ta hau shi.

Ɗanta na fari shi ne Sufyanu. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma ta gidanmu ta fi ta kowa, ga shi kuma an mayar wa yaron sunan surukinta, uban mijinta. Ranar suna mahaifiyarmu ta kama hannunta ta ce, "Wannan suna ba naki ba ne, kada in ji shi a bakinki." Yaya ta ce to, ita kuwa in ta ce to, magana ta ƙare. Ana yaye shi aka kai shi Zugu wurin Inna, can ya girma. Kakarsa yake kira Inna, uwarsa kuwa Yaya, don yadda ya ji ina kiranta ke nan.

Duk hutu sai mu hau mota mu tafi Zugu. Tun da saura mako Yaya take haɗa kaya, takalmi, wando, biskit, fensir mai launi. Muna isa sai ta tura mini jakar ta ce, "Ki ba yaron Inna." Ya zo da gudu ya rungume ni, ita ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Wata shekara ya faɗo daga bishiyar mangwaro hannunsa ya goce, kowa ya ruga, ita ta ci gaba da tankaɗe gari kamar ba ta ji ba. Da na zagaya bayan madafa neman itace na same ta ta cusa bakin zane a baki don kada a ji kukanta. Na yi fushi ranar, har yanzu kuma in na tuna sai raina ya ɓaci, ko da yake ban san wa zan yi wa fushin ba. Haka aka yi wa Inna, haka aka yi wa uwar Inna.

Sufyanu ya yi karatu ya zama malamin lissafi, ya tafi Gabon koyarwa kamar yadda 'yan ƙasarmu da yawa suka yi. Ya yi aure can. Inna ta rasu, mijin Yaya ma ya bi ta. A lokacin ne na lura kowace Juma'a da hantsi Yaya na sallamar masu jiran aiki, ta ja ƙofar shago, ta zauna gaban kwamfuta ita kaɗai. Ni da ba a rufe mini ƙofa, ran nan na faɗa ciki na leƙa ta bayanta. Faransancina na kasuwa ne, amma ya isa in karanta layin farko: Sufyanu, ɗana abin ƙaunata.

Na ce, "Yaya! Me nake gani haka?"

Ta ce, "Ke dai ba ki da aiki sai leƙe."

"Ina maganar Inna?"

Ba ta daina bugawa ba ta ce, "Inna baki ta hana. Ban ji ta ce komai a kan yatsu ba."

Ashe tun zamanin wasiƙar gidan waya suke haka. Abin da ta kasa faɗa masa yana yaro, yatsunta sun faɗa masa yana babba. Tana ba shi labarin daren da aka haife shi ana ruwa, tana yi masa faɗa a kan shan kofi, tana tsokanarsa a kan sanƙon da ya fara. Shi kuma ya mayar mata da shafi biyu ko uku. Abin dariyar shi ne in ya zo gida hutu, sai su koma 'yar gidan jiya: ya durƙusa, ta kalli bango, "An zo lafiya?" "Lafiya lau, Yaya." Ya koma Gabon, Juma'a ta zagayo, hira ta ɓarke. Shekara da shekaru suna haka, kuma duk su biyun abin ya ishe su.

Sai ciwo ya zo. Da farko da safe ne yatsun ke ƙagewa, ta jiƙa su a ruwan ɗumi su saki. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne. An sha na asibiti, an shafa na gargajiya, har Partago muka je wurin wani tsoho mai ɗori da aka yaba mana. A hankali yatsun suka karkace suka dunƙule, ya zamana ko maɓallin riga sai an sa mata. Ta rufe shago. Ranar da na ga Yaya tana ƙoƙarin danna harafi ɗaya da ƙashin bayan yatsa, yana zamewa yana buga na kusa da shi, fita na yi na bar ɗakin don ba zan iya kallo ba.

Autarta Hamida, wadda ke aure a Titirou tana aiki a kantin magani, ta ce, "Maman, ki faɗa ni in buga miki." Yaya ta faɗa: muna lafiya, zafi ya yi yawa, a gaida iyali. Hamida ta jira ci gaba, babu. Aka ce to ta yi masa saƙon murya a waya kamar yadda kowa ke yi, ta ce Allah Ya kiyaye. In ya kira kuwa gaisuwa ce kawai, ta miƙa mini wayar.

Sufyanu ne da kansa ya nemo mafita. Ya aiko da abin sawa a kunne mai ɗan makirfo a gaban baki, ya gaya wa Hamida akwai manhajar da mutum zai yi wa magana ta rubuta, ta buɗe abin da yake so, ta rufe, ba tare da ya taɓa komai ba. Hausa ce ba ta ji, amma Faransanci tana jin sa sarai, shi kuwa Yaya da shi ta yi rubutu duk rayuwarta.

Ranar farko mun sha dariya. Sai da aka yi rigima kafin ta yarda a ɗora abin a kan ɗankwalinta, ta ce ta zama kamar direban jirgin sama. Hamida ta gyara makirfon ya tsaya gefen baki, ta buɗe wani rubutu ta ce ta karanta da ƙarfi don na'urar ta saba da muryarta. Yaya ta fara karantawa ƙasa-ƙasa kamar mai lazimi.

Hamida ta ce, "Plus fort, Maman! Ba ta jin ki."

Yaya ta ce, "Kurma ce kuka sayo mini?"

Sai aka koya mata cewa duk abin da yatsa ke yi a da, yanzu baki ne zai faɗa. In tana son aya ta ce point, in waƙafi ta ce virgule, in sabon layi ta ce à la ligne. Wannan bai ba ta wuya ba, don ta san wurin zaman kowace aya fiye da wanda ya ƙera na'urar. Abin da ya ba mu wuya gidan ne. Ƙofar gidan Yaya ba ta rufuwa. Tana cikin jimla sai maƙwabciya ta yi sallama, Yaya kuwa ba za ta bar sallama a ƙasa ba, ta amsa, ta tambayi gajiya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na'ura kuma tana ta zuba shirme a shafi don ita ba ta san an yi baƙuwa ba. Mai tallan waina ta wuce, ta rubuta nata. Zakara ya yi cara, ta yi ƙoƙari. Sai da Hamida ta koya mata kalmar da ake ce wa na'urar ta yi barci da wadda ake tashe ta. Daga nan in an yi sallama sai ka ji Yaya ta fara kwantar da kwamfuta tukuna, sannan ta ce wa alaikumus salam. Wata tsohuwa ta yi zaton ita aka ce wa ta je ta kwanta, sai da na bi ta har gida da ban haƙuri.

Ba a daɗe ba ta gane kan abin. Ta iya cewa a goge kalma, a koma baya, a buɗe saƙonni, a ajiye. Ranar da ta shifta wa ƙungiyar matan unguwa rahoton taronsu shafi guda cur, hannayenta a kan cinya, ta sa aka karanta mata ba kuskure ko ɗaya, na ga Yayata ta dawo. Har waƙa ta yi a madafa.

Juma'a ta zo. Hamida ta buɗe mata sabon saƙo zuwa Gabon, muka zauna muna jira. Yaya ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta buɗe baki, ta rufe. Ɗan alamar nan da ke ƙiftawa a farkon layi yana ta ƙiftawa. Can ta ce, da Faransanci, barka da yini, aya, muna lafiya, aya, a gaida iyali, aya. Ta ce a aika.

Sai a lokacin muka gane abin da babu wanda ya yi tunaninsa, har shi mai aiko da kayan. Na'urar baki take buƙata, bakin kuwa shi aka ɗaure.

Hamida ta ce abu mai sauƙi ne. Ta shirya na'urar yadda in Yaya ta faɗi wata kalma dabam, sai ta rubuta sunan da gaisuwar nan ta farko gaba ɗaya. Aka gwada, ya fito tsaf. Yaya ta kalle shi ta ce, "Wannan hatimin ofis ne, ba ni ba ce." Ko da ta yarda ma, layin farko kaɗai aka magance. Sauran fa? Duk maganar da yatsu ke yi a ɓoye yanzu sai kunnenta ya ji ta, kunnen nan kuwa na Inna ne. Muka gwada fita mu bar ta ita kaɗai, muka dawo muka tarar da layi uku ɗin nan dai.

Haka Juma'o'i suka yi ta wucewa. Amsoshin Sufyanu suka fara gajarta su ma. Ran nan ina rumfata a kasuwa ina auna wa wata atamfa sai ga kiransa.

Ya ce, "Tanti Balki, ki gaya mini gaskiya. Laifin me na yi wa Yaya?"

Na ce ba ka yi komai ba, ciwo ne.

Ya ce, "Ciwon hannu ne, ba na baki ba. Hamida ta ce tana shifta wa mutanen unguwa shafi-shafi. Ni ne sai layi uku?" Ya ƙara da cewa, "Tanti, ni fa a rubuce kaɗai na taɓa samun uwa. In an rufe nan ɗin, ban san inda zan same ta ba. Ki ce mata ta huta, kada ta wahalar da kanta. Ba sai ta riƙa aikowa ba."

Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya a jami'a, shi ke wannan magana. Na bar atamfa a hannun maƙwabciyata na hau zem, ɗan acaɓan garinmu, sai gidan Yaya. Ban ko zauna ba na zazzage mata duk abin da ya ce, na ƙara da nawa. Na ce Inna ta rasu, surukinki ya rasu, mijinki ya rasu, wa ya rage da kike jin kunya? Na ce kin bar yaro ya girma yana kallon ƙeyarki, yanzu kuma za ki bar shi ya tsufa haka? Na faɗi maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa yaya, kuma ban janye ko ɗaya ba.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Balki, ke gani kike taurin kai ne. Wallahi ina ɗauko sunan tun daga nan," ta nuna ƙirjinta da dunƙulallen hannu, "in ya zo maƙogwaro sai ya tsaya. Ban san yadda yake fita ba. Ban taɓa jin sa da muryata ba."

Na zauna kusa da ita.

Da Juma'a ta zagayo, ita ta aiko a kira ni da hantsi. Ta ce in sa mata abin kunne, in ja ƙofa, in zauna a waje in kori duk mai sallama, ko limamin unguwa ne. Na ɗauki kujera 'yar tsugune na kafa a bakin ƙofa. Ƙofar kwano ce, ba ta ɓoye komai, ita ma ta sani.

Na ji ta tashe na'urar. Kafin ta fara, sai da na kori mai gawayi da wata mai neman aron turmi. Na ji gyaran murya. Na ji ta fara ta tsaya. Sannan, a hankali, kamar mai taka dutse a rafi, ta ce, "Sufyanu."

Sunan da nake kira tun yana cikin zanen goyo, sai na ji shi kamar yau aka raɗa.

Ta ce virgule. Ta ci gaba da Faransanci, jimla ɗaya, biyu, muryar tana ƙara ƙarfi. Ta ce masa ba fushi take ba. Ta ce masa hannun ne ya tafi ya bar ta da baki, bakin kuma bai san hanya ba. Ban san inda ta sauka daga Faransanci ba, kawai na ji ta cikin Hausar Zugu tsantsa, irin ta tsakar gidanmu, tana gaya masa ranar da aka ɗauke shi aka sa a mota, yadda nono ya yi ta zuba yana jiƙa mata riga, ta rasa wanda za ta gaya wa. Ba aya, ba waƙafi. Ta yi ta yi, sannan ta tsaya.

"Balki, zo ki gani."

Na shiga ina share fuska. Layukan farko sun fito daidai, sunan yana sama. Daga nan har ƙasan shafi shirme ne zalla, don na'urar ba ta san da Hausa aka koma yi mata ba.

Na ce, "Sai ki sake da Faransanci."

Ta daɗe tana kallon shafin. Ta ce, "Wannan ba ya shiga Faransanci." Ta juyo ta ce, "Hamida ta ce abin nan yana kiran mutum in an gaya masa wa za a kira?"

Na ce haka ta ce.

"To koma waje."

Na koma kan kujerata. Na ji ta ba na'urar umarni, ta faɗi sunan a karo na biyu, wannan karon bai tsaya a hanya ba. Ya yi ta ringi, Hamida kuwa ta bar sautin a buɗe, har tsakar gida ana ji. Aka ɗauka.

"Allô? Yaya? Lafiya dai?"

Ta ce, "Sufyanu."

Ina jiyo hayaniyar 'yan makaranta a bayansa, har da ƙarar ƙwallo da wani ya buga a bango. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Yaya, layin ba kyau. Ban ji ba. Ki sake faɗa."

Layin garau yake. Ta sake faɗa.